Yadda Muka Bi Sawun Bajimin Buba Har Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna teburin mai shayi sai a zagaye ni: "Iro, wai da gaske an tsare ku a boda?" "Iro, wai da cuta kuka tafi a cikin kula?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya a miƙa masa waya ya karanta, ni a bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Iro dillalin shanu. Daga karar Funtuwa, wato kasuwar shanu, har ta Dandume babu saniyar da ba ta san muryata ba.

Abin ya faro ne daga wani bajimi. Abokina Buba, wanda rugarsu take bayan ƙauyenmu a yankin Tsiga tun zamanin kakansa, ya daɗe yana neman jan bajimi irin na arewa. Farkon damina sai ga wani Alhaji Isufu daga Nijar da irin wanda ake nema sak. Kun san dokar sana'armu, dillali ba ya bari mai saye ya ga mai sayarwa. Na ajiye Isufu a can, na ajiye Buba a nan, ni ina zirga-zirga a tsakani. Na ce wa Buba san nan daga cikin sahara ya fito, can bayan Abalak, da nonon raƙumi aka yaye shi, ubansa ya taɓa korar zaki daga bakin rijiya. Buba ya san ni tun muna yara, don haka ya zubar da rabin maganar. Amma ragowar rabin ya isa ƙauye, kowa ya ji an kawo baƙon sa daga ƙarshen duniya.

Kwana tara san ya yi. Da safe yana cin ciyawa, da hantsi jikinsa ya ɗauki rawa, kafin azahar ya durƙusa. Mu kuwa kun san mu, ba ma tsayawa muna kallo dabba ta zama mushe. Aka zaro wuƙa aka yanka. Jinin ya fito baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa. Mahaucin da ya feɗe ya ga saifa ta kumbura kamar matashin kai, ya ce shi dai ko tsoka ɗaya ba za ta shiga gidansa ba. Wannan ce ta cece mu, aka haƙa rami aka binne. Shi mahaucin wani ƙurji mai baƙin kai ya fito masa a hannu, sai da asibiti ta ba shi magani ya warke.

Ba a yi mako ba shanun huɗar wani manomin ƙauyenmu, Alhaji Sale, guda biyu suka faɗi, jini na fita ta hanci. A tsakiyar huɗa fa. Manomi ya rasa shanunsa a wannan lokaci, kamar a sare masa hannu biyu ne.

Nan aka turo mana Likita Binta, likitar dabbobi, yarinya ce a kanmu amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta ce cutar saifa ce. Ta hana a feɗe shanun, ta ɗebi jini kaɗan daga kunne, ta sa aka binne su da zurfi, ta sa aka yi wa duk dabbobin gari allura.

Allura ba ta sanyaya zuciyar Alhaji Sale ba. Ya tara mutane a ƙofar mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da muke ba mu san wannan ciwo ba sai da Buba ya kwaso mana shi daga sahara. Ko ya tashi, ko mu san abin yi." Mai gari ya yanke cewa kafin a gama kai amfanin gona gida Buba ya nemi wani wuri, sai fa in an kawo hujjar cewa ba sansa ba ne.

Buba a nan aka haife shi. Kabarin ubansa yana nan. 'Ya'yansa da nawa aji ɗaya suke.

Likita ta same mu ni da shi a gindin ɗorawa. Ta ce, "Malam Iro, ka san yadda in ka ga mutum da tsagar gado a fuska kake cewa wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine? To ƙwayar cutar nan ma haka take. Sunanta ɗaya, amma dangi-dangi ce, kowane dangi da tsagarsa a cikin jiki. Akwai na'urar da ke karanta ta. In ta nan da ta inda san ya fito tsagarsu ɗaya, to wataƙila shi ya kawo. In sun bambanta, a nemi wani wurin." Sai ta zaro biro. "Ka ce bayan Abalak. Wane gari?"

Na yi tari. Na gyara hula. Na ce, "Likita, shi Abalak ɗin, ai kin san ƙasar Nijar faɗi gare ta."

"Wane gari, Malam Iro?"

"Wani ƙauye ne kusa da Maraɗi."

Buba ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To raƙumin fa?"

Haka tafiya ta kama mu mu uku, don ni kaɗai na san fuskar Isufu, Buba kuma ya ce ƙafarsa ƙafata.

Mun tashi bayan asuba a motar ofishin su Likita. A baya akwai kula biyu shuɗaye iri ɗaya, ta ce a cikin ɗaya jinin shanun Alhaji Sale yake, an naɗe shi cikin kwalba, cikin gwangwani, cikin ƙanƙara. Ina jin haka na tura Buba tsakiya, na ce shi ya saba da shanu. Daga Bakori har Malumfashi da rabin hanci nake numfashi. A Malumfashi muka tsaya koko da ƙosai, na ci nawa a tsallaken titi. Buba kuwa ko a jikinsa. Yana rungume da sandarsa da gorar kindirmo da matarsa ta ɗura masa, wai tsarabar mutumin da bai taɓa gani ba. Duk garken da muka wuce sai ya leƙa ta taga ya ce, "Waccan tana da ciki. Wancan ba a ba shi kanwa." Har Kankiya bai yi wata magana da ta wuce wannan ba.

A Katsina Likita ta shiga wani ofis, ni kuma na zagaya neman goro. Da na dawo motar ofis ta juya, Likita tana tsaye da kula ɗaya a hannu. Ban tambaya ba. Ku riƙe wannan, ban tambaya ba.

Muka hau ta haya zuwa Jibiya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da wani buhun barkono da ya sa duk motar atishawa. Muka wuce Magama, muka tsallaka. A ɓangaren Nijar, Likita ta shiga ɗaki da takardunmu, ta bar ni da kula a waje. Sai ga wani jami'i dogo siriri ya nuna ta da baki ya ce, "Mi ke ciki?"

Ni fa taimako na yi niyya. Na ce, "Yallaɓai, don darajar iyalinka kada ka buɗe. Abin da ke cikin nan ya kashe shanu uku da rana tsaka. Sa ne kamar motar nan, ya shaƙa sau ɗaya, ko salati bai samu yi ba."

Wallahi ban taɓa ganin wuri ya watse da sauri haka ba. Mai rake ya bar rakensa. Fasinjojin motarmu suka ce ko a kyauta ba za su sake zama da mu ba, direba ya sauke mana jaka ya ja motarsa. Jami'in ya koma nesa yana buga waya da Faransanci, ya nuna mana gindin wata aduwa ya ce mu zauna can mu da kularmu.

Likita ta fito ta tarar da mu kamar masu ƙyanda. Aka gaya mata. Ta zo ta buɗe kular, ta zaro gorar zoɓo mai sanyi, ta kafa kai ta sha rabi. Ashe jinin tun a Katsina ta miƙa shi, ba a ma tsallaka boda da irinsa haka kawai. Wannan kular guzurinta ce.

Jami'in ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sha zoɓon shi ma. Amma ya ce tunda ya riga ya kira babbansu, dole a jira shi ya zo ya gani da idonsa. Muka zauna daga azahar har la'asar. Babban ya zo, ya duba, ya sha ragowar zoɓon, ya sallame mu. Buba ya ce, "Likita, allurar nan da kuke yi wa shanu, babu ta baki?"

A Maraɗi Likita ta sauka gidan abokin aikinta na can, Likita Musa, wajen iyalinsa. Mu kuma muka nufi gidan wani fatoma, mai saukar da fataken shanu a kusa da kara. Tsoho ne mai fara'a. Da ya ji daga ƙasar Katsina muke sai ya ce, "A'a, masu tsaron gida ne suka zo! Mu ne fa Katsinawan asali, ku mun bar muku ɗakunan ne ku riƙa sharewa." Na ce, "Baba, ai mun share, har mun sa haya." Daga nan muka ƙulla.

Abincinsu sai wanda ya gani. Burodinsu dogo ne kamar sandar Buba, kuma taurinsu ɗaya, in kare ya biyo ka kana iya kare kanka da shi sannan ka karya kumallo. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, baƙi, ɗaci kamar maganin shawara. Na shanye na ce alhamdulillahi na tashi, aka ce ina za ka, ai wannan na farko ne. Sau uku ake yi, kowanne da hirarsa. Mu da muka saba a cika mana kofin silba da madara a tura mu gaba, sai na ga kamar wasan yara. Amma namansu, jama'a, a nan na sallama. Gasasshen rago ne da ɗan gishiri kawai, babu ƙuli babu yaji, kana tauna kana neman gafarar duk tsiren da ka taɓa yabo. Furarsu ma ta fi tamu gero, tamu ta fi tasu nono. Buba ne ya yanke wannan hukunci, ni ba ruwana.

Washegari Likita Musa ya samo babura. Hanyar ƙauyen Isufu rairayi ne zalla, babur yana tafiya yana rawa kamar amarya. Ni na ce wa mai baburina a Funtuwa har tsaye nake tuƙi, ya ba ni in gwada. Ban yi taku ashirin ba na tsinci kaina a kwance, hulata a gabas, takalmina a yamma, wasu mata a kan amalanke suna yi mini sannu suna rufe baki da mayafi.

Muka tarar da Alhaji Isufu a bakin rijiya. Rijiyar tasu zurfinta in ka jefa guga sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ka ji ƙararsa, sa ne yake jan igiyar. Ya gane ni nan take, ya rungume ni. Sai ya duba bayana ya ce, "Ina Alhajin?"

Na ce, "Wane Alhaji?"

"Wanda ya sayi san. Mai gidan gonar nan da ka ce shanunsa a ƙarƙashin fanka suke kwana."

Buba ya jingina da sandarsa, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya. Ya ce, "Ni ne Alhajin. Fankar ce dai ba a kawo wuta ba." Sannan ya ce, "Ni ma ina da tambaya. Ina uban san, wanda ya kori zaki?"

Isufu ya nuna wani tsohon sa da ke kwance a inuwa ƙudaje na bin idonsa. Ya ce, "Ga shi can. Wannan ko akuya ta yi atishawa sai ya tashi."

Wannan ita ce ranar da dokar dillalai ta karye a kaina. Suka zauna a tabarma ɗaya suna tona ni ɗaya bayan ɗaya, har likitocin biyu suna share hawaye. Buba ya miƙa gorar kindirmo, wadda ta kwana a hanya ta yi tsamin da zai tada kurma, Isufu ya sha ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba.

Da aka gaya masa san ya mutu, dariya ta ɗauke. Isufu ya ce a bayan rumbun can aka haife shi, da hannunsa ya ja shi daga cikin uwarsa. Ya yi wa Buba jaje kamar an yi rashin mutum.

Sai Likita Binta ta yi tambayar da ta kawo mu. Ni a raina ina addu'a ya ce ba su taɓa jin wannan ciwo ba. A wajenmu ai haka ake yi, in dabba ta faɗi sai a rufe baki kada a hana ka kai saura kasuwa. Isufu bai ɓoye komai ba. Ya ce daminar bara shanu sun faɗi a wani tafki da ke gaba da su, jini ta hanci, kuma garkensa ya sha ruwa a can. Ya ce bana an zo allura, amma san ya riga ya kama hanyar Najeriya.

Na dubi Buba. Yana kallon ƙasa yana zane da sanda.

Likita Musa ya ce labarin tafkin yana cikin littafinsa, don a kowane ƙauye suna da mutum ɗaya da ke buga masa waya da zarar dabba ta faɗi farat ɗaya. Ya ce tun bara suka aika jinin babban ɗakin gwajinsu, an karanta tsagar. Ba sai an ɗauko ƙwayar ba, rubutun tsagar zai tura ta kwamfuta a gwada da tamu. Amma tamu sai an ɗauki makonni kafin a karanta.

Da za mu tafi Isufu ya riƙe hannun Buba ya ce, "In sun tashe ka, ka zo nan. Rijiya da zurfi, amma akwai ruwa."

A motar dawowa na matsa kusa da Buba na ce, "Ka ga, maganar tafkin nan ba dole ba ne ta isa gida. In an tambaya, ni zan yi bayani. Ka san ni."

Ya ce, "Na san ka, shi ya sa."

Na ce, "Buba, tashin ka fa za a yi."

Ya ce, "In sana ne ya kashe wa Alhaji Sale shanu, yana da haƙƙin ya sani. In na zauna a kan ƙarya, kullum na haɗu da shi a masallaci ina zan sa idona?"

Likita tana gaba, ba ta juyo ba, amma na ga ta cire tabarau tana gogewa.

Da bakinsa ya faɗa a ƙofar mai gari, bai rage komai ba. Ni ma na miƙe na ce babu Abalak, babu raƙumi, babu zaki, duk ni na ƙera su. Aka yi dariya kaɗan, amma Alhaji Sale bai yi ba. Ya ce, "To kun ji da kunnenku." Mai gari ya ce a dai jira takarda.

Makonnin nan ba su yi daɗi ba. Masara ta bushe, aka fara karya. Matar Buba ta fara haɗa ƙorai. Shi kuma ya je wajen Gozaki sau biyu yana duba inda zai sauka, ni nake kai shi a babur, muna tafe ba mai cewa komai. Ku da kuka san ni kun san abin da wannan yake nufi.

Ranar wata Talata Likita ta zo da takarda, aka taru. Ta ce an karanta, an gwada. Ƙwayar da ta kashe shanun Alhaji Sale da ta tafkin su Isufu ba dangi ɗaya ba ne, tsagarsu daban. Tamu ta fi kama da waɗanda aka taɓa samu a nan kudancinmu. Ta ce ƙwayar nan tana iya kwanciya a cikin ƙasa shekaru masu yawa, ta fi tsohon gari daɗewa, sai an tono ta ko ruwa ya taso da ita. San Buba da shanun Alhaji Sale, ga dukkan alama a nan suka gamu da ita. Ta ce, "Akwai inda aka yi sabon haƙa bana, inda dabbobi ke shan ruwa?"

Sai wani tsoho da ke can baya, wanda ba ya ko fita Juma'a sai an riƙe shi, ya ce, "Kwarin da ke bayan makaranta. Ina yaro shanun babana bakwai suka faɗi a damina ɗaya, a nan muka binne su. Da an tambaye ni da na faɗa."

Kowa ya san wanda ya kawo motar haƙa kwarin nan kafin ruwa ya sauka, don ya tara ruwan noman rani. Kuma kowa ya san ya bar dabbobin gari suna sha kyauta. Ba wanda ya kalli Alhaji Sale, duk muka sa wa ƙasa ido. Likita ta ce ba ta yanke ba tukuna, sai ta ɗebi ƙasar wurin an gwada, amma daga yau a killace shi da ƙaya.

Buba ne ya fara magana. Ya ce, "Alhaji alheri ya yi niyya. Ni ma da na ga ruwan murna na yi, har addu'a na yi masa."

Mai gari ya ce maganar tashi ta mutu. Aka shafa fatiha, mutane suka fara neman takalma. Alhaji Sale ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya wuce mu kamar zai tafi. Sai ya tsaya, bai juyo sosai ba.

Ya ce, "Buba."

"Na'am, Alhaji."

"Jibi nake gama kwashe masarar gonata ta bakin hanya. Karan yana nan, ban sayar wa kowa ba. Ka kawo shanunka su zauna a kai har rani, gonar tana son taki."

Buba ya ce, "To, Alhaji. Da safe ko da yamma?"

Ya ce, "Da safe. Zan sa a kawo koko."